Shekarar da Na Sa wa Bandar Inna Lamba

Tun jiya da sakamakona ya fito nake ta rawar kai, ba zan ɓoye muku ba. Mutum ya haura hamsin, ga furfura a gemu, ya koma aji da sa'o'in 'ya'yansa, ya fito da digiri, ai dole ya ɗan yi shagali. Na ga saƙonninku a guruf ɗin gida, na ga hotunan tafi da na wuta, na kuma ga wanda Nana ta rubuta, wai "Baba, wannan karon ba rifit." Kowa ya yi dariya, har da ni. To amma tun da safe maganar take yi min yawo a ka. Kun tashi kuna jin cewa na maimaita shekarar ƙarshe a foli, kwalejin kimiyya da fasaha, saboda yawon disko da son gayu. Ni na bari aka yi ta faɗa, ban taɓa musawa ba. Yau dai ga ni zaune da waya, yatsuna biyu na aiki, zan gaya muku yadda aka yi. Iyakar abin da na gane ke nan, don har yanzu akwai inda ban gane ba.

Lokacin ba a daɗe da raba mu da Sakkwato ba, kowa a Yelwa yana jin sabuwar jiha za ta zo da sabon komai. Ni kuwa ina karanta lantarki, ga wando mai faɗin ƙafa, ga biro uku a aljihun riga, ga testar gwada wuta ta zama ta huɗu. Ji nake duk matsalar duniya waya ce ta kwance, a ba ni filaya kawai. Kakarku, Inna, sana'arta banda. Baba, kakanku, ya kamo kifi a tafki, ko ta saro a bakin ruwa, ta wanke, ta lanƙwasa tarwaɗa ta soke da tsinke, ta jera a kan raga, ta sa itacen marke a ƙasa ta tsaya a kai. Shekara talatin tana tsaye a cikin hayaƙin nan. Akwai wata Alaja da ke zuwa daga Ilori duk bayan kasuwa biyu, in ta zo kan kwandon Inna ba ta ko buɗewa, a ɗora a mota kawai. Inna tana ji da wannan fiye da yadda nake ji da wandona.

Da na dawo hutu a shekarar, na tarar an yi wa Inna aiki a idon dama, na hagu kuma dama ya daɗe da yin hazo. Likita ya ja wa Baba kunne: wata uku kada hayaƙi ya taɓa ta, in ya taɓa, ba shi da sauran abin yi mata. Ga shi kuma ruwa ya fara janyewa, kifi ya yi yawa a kasuwa, kakar banda ke nan. Na shigo na same ta zaune a ɗaki da auduga da filasta a ido ɗaya, da wani baƙin tabarau a kai, tana ta karkata hanci wajen gidan maƙwabta inda ake banda. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kama sunana. "Wanga" take ce min.

"Wanga, ka taho? To ka ji, ni kwana bakwai za ni yi masu. Ranar na takwas ina bakin wutata."

"Inna, wata uku aka ce fa."

"Shi likitan, shi ka ba Alaja kihi? In ta zo sau biyu ba ta iske ni ba, ta koma ga wata, shi ke nan."

Na san ba wasa take ba. A nan ne kaina ya kawo wuta. A zauren Baba akwai wani akwatin ƙarfe mai tsayi kamar firji, wanda ya samo a gwanjon kayan wani ofishin aikin kifi da aka rufe. Komarsa ta kamun kifi yake ajiyewa a ciki. Ashe na'urar banda ce ta lantarki: ƙarfen da ke yin ja a ƙasa, wanda muke kira elimen, da faranti a kansa na zuba guntayen itace don hayaƙi, da raga hawa huɗu. Abin murɗa zafin ne ya mutu, ko dai a kashe ko kuma ta yi ta ci har ta ƙone komai. Ni kuma a jakata akwai wani ɗan abu da mai kula da wokshof ɗinmu ya ba ni, wanda ya cire daga mataccen injin ƙyanƙyasar ƙwai. Kontirola sunansa. Girman sabulu, da gilashi mai nuna jar lamba, da maɓalli biyu, na ƙari da na ragi, da wata 'yar waya mai kan ƙarfe da ke jin zafi. Ka ce masa saba'in, in zafi ya kai saba'in ya yi ƙas ya yanke wuta, in ya sauka ya yi ƙas ya mayar. A Yelwa ta lokacin, abu mai lamba mai haske, agogon hannu ne kawai muka sani. Na ce shi ke nan, na tsinci furojet ɗin gama makaranta, na kuma tsinci idon Inna, duka a akwati ɗaya. Kwana biyu na haɗa shi. Da jar lambar nan ta kama, sai da na yi tsalle na bugi ƙofar zaure da kai.

Mai taya ni ɗawainiyar kifin ita ce Gwaggo Kulu, ƙanwar Baba, wadda ta zo daga Warra jinyar Inna. Ita ma 'yar banda ce tun tana yarinya, kuma tsakaninta da Inna wasa ne na ƙanwar miji da matar wa, ba sa minti biyar ba su taɓa juna ba. Ta zagaya akwatin sau biyu, ta ƙwanƙwasa shi.

"Sahabi, wagga gawar ce za ta yi banda?"

"Gwaggo, otomatik ce. Ki zuba kifi ki je ki yi barcinki, ba yawa."

"To Allah shi ba mu rai mu gani."

Na sa saba'in don haka na gani a wani littafi. Kifi ya fito ja-ja-wur, kamar a ɗauke shi hoto. Na ɗauko ɗaya na kai wa Inna da hannu biyu. Ta shinshina. Ta ƙwanƙwasa kan da farce, ta kai kunne. Ta ɓalle shi biyu ta sa yatsa a jikin ƙashin baya.

"Da ruwa a ciki. Kwana huɗu a mota, tsutsa ta gaji da shi. Kulu, a yi miya da shi."

Na ce to ai sauƙi, lambar ce ba daidai ba. Inna ta gaya min lambarta kawai. Ashe nan ne zan shiga daji. Inna ba ta da lamba. Ita bayan hannunta take sawa a kan raga ta yi ta istigfari a zuci, in ta kai bakwai kafin zafin ya kore ta, wutar fari ta yi. In kifi ya tsane sai ta ƙara itace har ya zama uku kawai take iya yi. Daga baya ta ja wutar baya ta koma goma sha biyu, ta bar shi ya sha hayaƙi. Haka uwarta ta koya mata. Na ce madalla, wannan ai kalibireshan ne, wato daidaita ma'auni. Na kwashe kifi da itace don kada a samu hayaƙi, na kunna akwatin haka nan, na riƙo hannun Inna na kawo ta. Ta zura hannu, ina kallon lamba.

"Bakwai," in ji ta. Lamba ta nuna sittin da biyu. Na rubuta.

Bayan la'asar muka sake, don malamanmu sun ce gwaji ɗaya ba gwaji ba ne. Ta ce bakwai, lamba ta nuna saba'in da tara. Washegari da safe, bakwai, hamsin da biyar. Na cire wayar jin zafin na tsoma a tafasasshen ruwa, lafiyarta ƙalau. Na ce Gwaggo ta gwada. Gwaggo ta kai goma sha ɗaya a inda Inna ta yi bakwai.

"Ke ai haɗiye rabin kalmar kike, shi ya sa," in ji Inna.

"Ke kuma ja kike kamar mai kiran salla. Matar Yaya, ko istigfarin naki na yanga ne."

Na koma na sa agogo. Na gano in ran Inna a ɓace yake, da gudu take yi, in ta ci ta ƙoshi kuma a hankali. Na ce to a bar istigfari, a ƙirga da daƙiƙa. Ta ce ita ba ta iya jin zafi da daƙiƙa ba. Da na matsa mata, sai ta ƙara dagula min lissafi gaba ɗaya.

"Wanga, akwatin ga ba kowa cikinai. Zahin wuta da kihi daban, zahin wuta ba kihi daban. In kihi na zufa, hannu na ji. In na ruwan Shanga ne daban, in na tafki ne mai mai, daban. Kai kana tambayata lamba guda."

Na cika shafi shida da lambobi, ba biyu da suka yarda da juna. Na zauna a gindin durumin ƙofar gida ina kallon littafin kamar an rubuta da Sinanci. Kwana biyar sun tafi cikin bakwai ɗin da ta ba mu. A rana ta shida na gan ta ta lallaɓa bayan gida tana shafa tulin itacen marke, tana ware busassu.

Dabarar da ta zo min, har yau ina ɗan alfahari da ita, ko da yake za ku ji ƙarshenta. Na ce tunda hannun ne ya san aikin, ido kuma shi ne ba ya son hayaƙi, a raba su mana. Na jawo akwatin na jingina shi da bayan katangar ɗakin Inna, ta waje. Na huda katangar, Baba yana salati. Na yanke gefen akwatin daidai ramin. Na yanke ƙafar wandon nan nawa mai faɗi, Allah ya jiƙansa, na ɗaure baki ɗaya a jikin akwatin, ɗayan na sa masa roba ya kama wuyan hannu, yadda hayaƙi ba zai biyo ba. Kontirola kuma na ja masa waya na kafa shi a cikin ɗaki, kusa da ramin. Inna ta zauna a kan tabarmarta, hannun dama a cikin banda, babban yatsan hagu a kan maɓalli. Gwaggo tana waje tana juya kifi da zuba guntayen itace a faranti. Ni kuma ina gefe da littafi ina rubuta lamba duk minti goma.

Ranar farko bai yi ba, ya dai fi na baya. Inna ta ce wutar akwatin wuta ce marar kunya, ta zo gaba ɗaya ta tafi gaba ɗaya. Ta ce gobe ne na ƙarshe. Rana ta biyu kuwa, jama'a, sai abu ya zauna. Inna ba ta iya danna abu shiru ba, duk dannawa sai ta sanar ta cikin ramin.

"Kulu, na ƙara mashi biyu!"

"Na ji, injiniya!"

"Kulu, na rage mashi ɗaya, ya cika rawar kai kamar mai shi!"

Ina kallo lamba tana bin ta. Ta ƙara, a hankali lamba ta hau. Ta rage, lamba ta sauko lumui, ba tsalle ba faɗuwa. Da yamma Gwaggo ta miƙo tarwaɗa ɗaya. Inna ta shinshina, ta ƙwanƙwasa, ta ɓalle.

"Wanga kihi irin nawa ne," in ji ta.

Na fita da gudu ba takalmi har bakin kasuwa, ban san me na je yi ba, na dawo. Alaja ta zo ta ɗora kwando ba ta buɗe ba. Mata suka riƙa zuwa kallo, Inna tana zaune da baƙin tabarau kamar matuƙin jirgin sama, tana nuna musu maɓalli. Baba da ya yi ta faɗan katanga, shi ne ya koma kawo abokansa masunta su ga jar lamba. Ni kuwa na zana giraf a takarda mai layi-layi, wani santalelen layi mai hawa uku, na ce in malamanmu suka ga wannan sai sun miƙe tsaye.

Sati biyar muna haka. Abin da ya tona shi fanka ce. Tun farkon haɗa akwatin, duk lokacin da kontirola ya yi ƙas ya ba elimen wuta, fankar ɗakin Inna sai ta rage gudu, don wutar unguwarmu ba ta da ƙarfi. Wata rana da azahar ana zafi, ina kwance ina kallon fankar, na ji ƙas. Fanka ba ta ko girgiza ba. Na jira. Ƙas. Tana gudunta. Na tashi zaune. Na yi ƙoƙarin tuna yaushe rabon da in ga ta rage gudu, na kasa. Na zagaya bayan katanga, abin da rabona da yi tun ranar farko, don ni ina ganin aikin injiniya yana wajen lamba. Na tarar da Gwaggo a tsugune, ƙofar akwatin a buɗe, hayaƙi ya turnuƙe mata fuska. A ƙasan akwatin, inda farantin itace yake, wani kasko ne cike da garwashi da guntayen marke. Elimen kuwa baƙi ƙirin, sanyi ƙalau a gefe, man kifi ya zubo a kan mahaɗin wayar ya ƙone shi ya rabu biyu.

Daidai nan muryar Inna ta fito ta katanga: "Kulu, na ƙara mashi ɗaya!"

"Na ji, injiniya!" in ji Gwaggo. Ta ɗauki guntun itace ɗaya ta tura a kasko, ta hura sau biyu, ta rufe ƙofa. Sannan ta juyo ta kalle ni, idanunta jajur suna zubar da ruwa. Ta ja ni gefe wajen turken awaki.

"Gwaggo, tun yaushe?"

"Tun rana ta biyu. Da hantsi na ji warin roba, na taɓa ƙarhen ga na ji shi sanyi. Kihi kwando guda a ciki, ita kuma tana cewa yau ne na ƙarshe. Mi kaka so in yi?"

"To lambar fa? Lambar tana bin abin da Inna ta danna!"

"Ni na san wata lamba? Ita ka hwaɗi, ni ka yi. Tun muna 'yan mata nika jin muryar matar ga bisa wuta, in ta ce ɗaya na san ɗayanta."

Wato santalelen giraf ɗin nan nawa, sati biyar zanen aikin Gwaggo nake yi. Kontirola yana ta ƙas-ƙas ɗinsa yana kunna abin da babu. Na ce zan je Kwantagora ko Sakkwato in nemo sabon elimen, kwana uku na dawo. Ta riƙe min riga.

"Da yana da rai mi yay yi? Ba miya munka yi ta sha ba? Ka gyara shi, kihi ya ɓaci, gobe ka gan ta bakin wuta da ido guda. Ka gaya mata gaskiya, ta ce ashe Kulu ce ke shan hayaƙinta, yau ɗin ga za ta hito. Saura sati bakwai. Ruhe bakinka, Sahabi, ka koma ka yi ta rubutunka."

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har uwarku. Na ga idon Gwaggo a ranar. Ni na san cewa bandar gargajiya a fili take, iska na kwashe rabin hayaƙin. Akwatina kuwa rufe shi yake ya tara, duk buɗe ƙofa sai ya watsa wa mutum a fuska gaba ɗaya, ga kaskon a ƙasa, sai an sunkuya an kai kai ciki kafin a hura. Na san wannan sarai, karatun da na yi ke nan. Na ce zan karɓe ta, na gwada yini ɗaya, Inna ta yi ta faɗa ta cikin rami wai yau akwatin ya haukace, kifin ranar ma miya aka yi. Na huda wa akwatin bututu a sama, ya ɗan rage, bai hana ba. Na sayo wa Gwaggo tabarau na masu walda, ta ce ba ta ganin kifi da shi, ta rataye a wuya. Daga nan na yi shiru. Na koma ɗaki na zauna kusa da Inna da littafina, tana danna maɓallin da ba ya kunna komai, ina rubuta lamba, ina jin tarin Gwaggo ta bayan katanga. In Inna ta ce, "Wanga, nawa ya nuna?" sai in ce saba'in da huɗu, Inna. Kuma gaskiya ne, saba'in da huɗun ya nuna.

Wata uku suka cika. Likita ya duba ya ce ido ya warke sarai. Inna ta zare tabarau ta zura zare a allura a gabanmu don mu gani. Tun daren da ya gabaci ranar na riga na kwance kontirola da sunan zan kai makaranta, Gwaggo ta kwashe kaskonta, Baba ya mayar da komarsa cikin akwatin. Inna ta koma bandarta ta da, amma da sauƙi, ta ɗauki mata biyu suna tsaya mata a kan wuta. Da idon nan ta ga auren ƙannena, da shi ta ga Nana a zanen goyo.

A makaranta kuwa, ranar difens, wato ranar kare furojet, na shiga da giraf ɗina da kontirola a leda. Na yi niyyar in yi bayani in wuce, wallahi na yi niyya. Malamai uku a zaune. Babbansu ya daɗe yana kallon takardar, ya ce bai taɓa ganin kontirola mai kunnawa da kashewa kawai ya ba da layi mai santsi haka ba, ya kamata ya riƙa hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Ya ce in gaya masa me na ƙara a ciki. Da na ce na sa wani abu, da ya yarda, don fuskarsa ta mai son ya yarda ce. Sai na ji bakina yana cewa:

"Gwaggona ce, sa."

"Wace ce?"

"Gwaggona. Elimen ya mutu tun rana ta biyu. Ita ce take sa garwashi."

Ɗayan ya yi dariya har ya cire tabarau. Babban bai yi dariya ba. Ya ce ya gode da na faɗi gaskiya, amma ba za su iya ba Gwaggo maki ba tunda ba ta yi rajista ba, ni kuma ba ni da furojet. In dawo baɗi. Hukuncinsu daidai ne, ban taɓa jin haushinsu ba. Abin da ban sani ba shi ne me ya sa na iya yin shiru wata biyu a gaban uwata, na kasa yin na minti biyar a gaban baƙi. Na juya wannan tambayar shekara da shekaru ban samu kanta ba.

Da na dawo gida ba ni da abin faɗa. In na ce furojet ne ya faɗi, Inna za ta ce wane irin faɗuwa, ita da ta danna da yatsanta? Sai wani abokina ya yi subutar baki ya ce ai Sahabi ba ya wuce disko, Baba ya kama wannan ya riƙe. Wata huɗu yana amsa gaisuwata da ka. Inna kuma duk wanda ya zo sai ta ce, yaron yana da ƙwaƙwalwa, wasa ne ya yi masa yawa, ku tambayi akwatin da ya yi min. Har ta koma ga Allah a kan haka take. Ban gyara mata ba.

Gwaggo ta koma Warra. Bayan 'yan shekaru ganinta ya fara raguwa, har ya kai sai dai ta gane mutum da murya, yadda kuka san ta yanzu. Na kai ta asibiti biyu. Na tambayi likita a keɓe ko wata uku na hayaƙi mai ƙarfi zai iya jawo haka. Ya ce matar da ta shekara arba'in a bakin wuta, ga shekaru, wa zai iya ware wata uku a ciki? Zai yiwu, zai yiwu kuma ba shi ba ne. Ya bar ni a inda ya same ni.

Bayan rasuwar Inna na hau kwalekwale na je Warra ni kaɗai. Na same ta a tsakar gida tana gyaran wake da hannu, tana jin tsakuwa da yatsa tana jefarwa. Na durƙusa na ce ta yafe min. Na faɗi komai, har da cewa na san akwatin yana tara hayaƙi na yi shiru.

"Kai ka aike ni?" in ji ta. "Da ƙahwata na ɗauko kasko. Matar ga ta yi min jego uku, Sahabi, kai ba ka san wannan ba, kana can kana goge takalmi. Tashi, kana zauna min bisa wake."

Na matsa. Ta ci gaba da tsince-tsincenta. Can sai ta tsaya, ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina.

"Ni abu guda nika so in ji. Takardar ga da kay yi ta zane, da ka kai ma malamanku. Sun ce wutar ta yi daidai?"

"Babbansu ya ce bai taɓa ganin mai kyanta ba, Gwaggo."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta share ido da bakin zane.

"To ka gani," ta ce. "Miƙo min faifan can."